Ranar da Baƙi Suka Ƙi Zama

Akwai wani mabushin ƙaho a ƙungiyar makaɗan badujala ta wani gari, wanda aka ba shi sandar shugabanci ta gwaji na wata uku. In ya yi abin kirki a tabbatar da shi, in bai yi ba ya koma sahu. Tun ranar da sandar ta shiga hannunsa abokan aiki suka laƙaba masa Mai-sanda, shi kuwa bai ƙi ba.

A cikin ƙungiyar akwai kawunsa, yayan mahaifiyarsa, wanda ya koya masa yadda ake ɗora leɓe a kan ƙaho. Ya tsufa, numfashi ya fara gajarta, amma kunne na nan garau.

Ana saura mako guda wa'adin ya cika, sai ga takarda daga babban asibitin garin. Wasu likitoci 'yan wata ƙasa sun gama aikin shekara biyu, za a yi musu taron ban kwana. Ana so a kaɗa taken ƙasar baƙi tukuna, sannan na gida. Har an haɗo da takardar kiɗan nasu.

Mai-sanda ya baza ta a kan teburin ɗakin gwaji, ya bi ta da yatsa, sai ya kwashe da dariya.

"Ku zo ku ga ikon Allah! Wannan ai namu ne, ko ɗigo bai canza ba. Ashe har take ake sata?"

Mai babbar ganga ya ce, "To madalla, aiki ya ragu. Dama kafaɗata ciwo take."

Kawu ya ajiye tsumman da yake goge ƙaho da shi. Ya ce, "Ɗana, ba sata ba ce. Bara da na kwanta ciwon ƙirji, likitar da ke duba ni, ɗaya daga cikin baƙin nan, tana yawan rera shi ƙasa-ƙasa, na tambaye ta. Wani malamin makaranta ne ya tsara kiɗan domin ɗalibansa, tun ba a ja iyaka tsakanin ƙasarmu da tasu ba. Ɗaliban suka watse, kowa ya tafi da shi garinsu. Mu muka sa masa baitocin ƙwazo da noma, shi ya sa muke kaɗa shi da sauri. Su kuwa addu'a ce ga waɗanda suka rasa a yaƙi. A hankali suke ja, kuma a baiti na uku sukan yi shiru kamar numfashi biyu. Takarda ba ta nuna wannan ba. Mu gwada, mu kaɗa sau biyu."

Mai-sanda ya duba ya ga kowa ya kasa kunne ga tsohon, abin ya sosa masa rai.

"Kawu, a gida kai ne gaba da ni. Nan kuwa sanda ɗaya ce. In na kaɗa abu ɗaya sau biyu a gaban manyan gari, cewa za a yi sabon shugaba ya ruɗe. Sau ɗaya za a yi, kowa ya rera nasa."

Kawu ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ya ɗauki tsummansa.

Ranar taro da hantsi zauren asibitin ya cika. Aka ce a miƙe. Mai-sanda ya ɗaga hannu, kiɗa ya tashi da ƙarfi da sauri, ba kuskure ko ɗaya. Mutanen gari suka rera. Baƙin suka buɗe baki, kalmominsu suka kasa bin wannan gudu, suka yi shiru.

Kiɗa ya ƙare, kowa ya zauna. Ban da likitocin nan goma sha biyu.

Suna tsaye, hannu a ƙirji. Shugabarsu, wata dattijuwa mai furfura, ta dubi makaɗan. Ba fushi a fuskarta. Ta ɗauka an dai fara da na gida ne, yanzu za a yi nasu.

Shugaban asibiti ya juyo ya kafa wa Mai-sanda ido. Mai-sanda ya ɗaga sandar, ya tsaya da ita a sama. Ba su taɓa gwadawa a hankali ba, bai ma san inda ake shirun ba.

Sai ya ji ƙarar kujera a bayansa. Kawu ne ya miƙe, ya fara busa shi kaɗai, yana ja a hankali, numfashin na ɗan rawa. Baƙin suka kama. A baiti na uku ya sauke ƙahon. Zaure ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Mutanen gari suka riƙa miƙewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce su tashi.

Washegari aka kira Mai-sanda ofis. Ba a yi masa faɗa ba. An dai karɓi sandar, aka ce ya koma sahu sai an ga hali.

Ya shiga ɗakin gwaji kansa a ƙasa, yana jiran gori. Mai ganga ya buɗe baki, Kawu ya harare shi, ya haɗiye maganarsa. Tsohon ya matsa a kan benci.

"Zauna, ɗana. Uwarka ta ce in gaishe ka. Ɗauko ƙahonka, mu fara da baiti na uku."

Darasi: Ganin abu ya yi kama da naka ba ya nufin ka san shi, kuma ba ya nufin an sace maka. Kiɗa ɗaya, wani na murna da shi, wani na tuna mamatansa. Matsayi kuma aro ne daga Allah, kada ya toshe maka kunne ga wanda ya riga ka sani. 'Yan uwa, ku tura wa wasu, ko Allah zai sa wani ya amfana.