Hutun Da Aka Ba Mijina

Akwai wani ɗan majalisa da muka taɓa yi a garinmu na bakin tafki, sunansa Sosten Dagba. Yaro ne mai tsabta da taushin murya. A Turai ya girma, ya dawo da akwatunan littattafai. Ko cikin kwalekwale yake, za ka gan shi da littafi a cinya.

Ni sunana Ayele, bandar kifi nake yi. Karatuna bai wuce firamare ba. Mijina Anani shi ne mai boko, malamin makaranta ne. A zamanin mulkin sojan da ya sa wa kansa suna Uban Ƙasa aka zo aka ɗauke shi daga aji, da alli a hannunsa.

Uban Ƙasa yana da wani littafi na jawabansa, mai baƙin bango. A ciki ya rubuta cewa ƙasa uwa ce, ba ta kashe ɗanta, sai dai idan ɗan ya gaji ta ba shi hutu. Wannan shafin sojoji biyu suka karanta mini a ƙofar gida, suka miƙo mini rigar Anani.

"Madam, ƙasa ta ba mijinki hutu."

Ba gawa, ba kabari. Shi ya sa na kasa zama cikakkiyar matar mamaci. Wanda ya tafi hutu ai yana dawowa. Da safe idan hazo ya kwanta kan tafki, sai in ga kamar wani kwalekwale na tahowa, mutumin ciki da irin kafaɗarsa. In tsaya kallo har kifi ya ƙone. Mulkin ya faɗi, aka ƙona littattafan Uban Ƙasa a kasuwa, gashina ya yi fari, ina nan ina duba tafki.

Da zaɓe ya matso, Sosten ya fito neman wata kujera mafi girma. Sai magana ta fara yawo cewa yana da littafin nan mai baƙin bango a gefen gadonsa. Mai yi masa wanki ce ta gani.

Ƙawata Dede, wadda murhunta ke kusa da nawa, ita ta kawo mini labarin.

"Ke Ayele, an ce Sosten ɗin nan har ja wa layukan littafin layi yake da jan biro."

"Ke dai Dede, bakinki ya fi murhunki hayaƙi."

"To madalla. Ni dai ban taɓa ganin mai ajiye abin da ba ya so kusa da matashinsa ba. Ko marigayi mijina sai da na mayar da shi falo."

Bayan 'yan kwanaki sai ga Sosten da kansa a wurin bandarmu, da farar riga, hayaƙi na sa shi hawaye. Ya rusuna, ya kira ni Tanti, wato gwaggo.

"Tanti, so nake ki hau dandamali tare da ni ranar taro. Mutane su ga matar Malam Anani tana bayana. In na ci, zan buɗe tsohon gidan yari. Za a tona filin baya, kowa ya ɗauki nasa ya binne."

Abin da nake nema ke nan tun ina da ƙuruciya: wurin da zan tsaya in ce ga shi nan.

Na ce, "Ɗana, faɗa mini gaskiya. Kana karanta littafin mutumin nan?"

Ya yi dariya. "Haba Tanti, wannan shara? Kyauta aka ba ni. Wallahi ko bangon ban taɓa ɗagawa ba."

Dede ta ce daga cikin hayaƙi, "Yallaɓai, to ka kawo mana mu hura wuta da shi mana."

Ya yi kamar bai ji ba. Ni kuma na amsa masa cewa zan hau dandamalin.

Ranar taro filin ƙwallo ya cika. Mata sun ɗaura zane mai hotonsa, ganguna na tashi. Aka zaunar da ni a farar kujera. Rana na dukan tafki daga nesa, ruwan na ƙyalli, sai na ji kamar dandamalin na tafiya a kan ruwa. Sosten na magana ba takarda, kalmomi na zubo masa da kansu. Mutane na ihu, shi kuma yana ƙara kumbura.

Sai ya juyo ya nuna ni.

"Ga uwarmu Ayele! Ga matar gwarzon malaminmu, wanda ƙasa ta ba shi hutu!"

Matasa suka tafa, don ba su san komai ba. Amma tsofaffi suka kalli juna. Tun faɗuwar mulkin ba wanda ya sake furta wannan magana a garinmu. Yaron da ya girma a Turai ba a bakin kowa ya ji ta ba.

Ni kuwa ban ƙara ganin filin ba. Ƙofar gidana na gani, da takalman sojoji, da rigar da aka naɗe. Har ƙamshin allinsa na ji.

Ya miƙo mini abin magana yana murmushi, bai ma san abin da ya faɗa ba. Na san in na yi shiru na sa masa albarka, wataƙila a tona filin nan. Na riƙe abin da hannu biyu.

Na ce, "Ba hutu aka ba Anani ba. Kashe shi aka yi. Ya mutu."

Ban taɓa faɗar haka da bakina ba sai ranar.

Wata tsohuwa ta miƙe ta kira sunan ɗanta, ta ce shi ma kashe shi aka yi. Wani dattijo ya kira sunan ƙaninsa. Sunaye suka yi ta tashi daga ko'ina har ganguna suka tsaya. Sosten na cewa, "Kuskuren baki ne, Tanti!" Ba mai sauraronsa. Bai ci zaɓen ba.

Filin bayan gidan yari yana nan ba a tona ba. Amma washegari na sa Dede ta aske mini kai, na ɗaura baƙin zane, mata suka zo suka zauna da ni. Muka yi wa Anani makokin da ban taɓa yi masa ba.

Darasi: Abin da kake ciyar da zuciyarka da shi a ɗaka, wata rana bakinka zai fito da shi a bainar jama'a. Kada ka tsaya ga rantsuwar mai neman ƙuri'arka, saurari kalmomin da ke suɓuce masa. Ka tura wa wani wannan kafin ya je rumfar zaɓe.