Kunnen Ƙashin Sallau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, malamin firamare a wani gari da ba sai na kama suna ba. Ana ce masa Malam Namadi. Ba shi da wani muƙami, kekensa ma sai an tura yake tafiya. Amma Allah Ya ba shi abin da ya fi muƙami, wato haƙurin sauraro. Ku da aka tara a nan don koya muku yadda ake zama da yara a ji damuwarsu, ku saurara da kyau.

A ajinsa akwai wani yaro, Sallau, wanda duk malamai sun gaji da shi. A ce ya kawo alli, ya ce to, ya zauna. A ce ya share allo, ya ce to, ya ɗauki tsintsiya ya fita. Abin da ya fi ƙona musu rai, da an fita tara sai ka gan shi cikin abokansa ana ta hira, ana dariya, ba kalmar da ke wuce shi. Sai suka ce ai ga shi nan, yana jin abokai, malamai ne ya raina. Suka sa masa Mai Kunnen Ƙashi. An dake shi, an sa shi kamun kunne, duk a banza.

Ran nan da safe, makaranta ta yi layi, Malam Namadi ya kira shi daga baya. Ya kira, ya sake kira, yaro ko waiwaye bai yi ba, ya yi tafiyarsa. Yara suka fashe da dariya. Jama'a, kun san zafin a yi wa malami dariya a gaban ɗalibansa. Ransa ya ɓaci, kada ku ce bai ɓaci ba, mutum ne. Hedimasta ya ce magana ta ƙare, a kira uban yaro ya zo ya tafi da abinsa. Sai Malam Namadi ya haɗiye fushinsa, ya ce tunda shi aka yi wa, a ba shi dama ya zauna da yaron tukuna. Wasu malaman suka ce wannan sanyin hali nasa shi ke lalata yara.

Da aka tashi, ya zaunar da Sallau a baranda, shi ma ya zauna a ƙasa kusa da shi. Yaro ya sunkuyar da kai, kamar yadda muka koya wa 'ya'yanmu su yi a gaban manya. Malam ya tambaye shi a hankali me ke damunsa. Yaro ya ce, "To, Malam." Ya tambaye shi ko wani abu ya faru a gida. Yaro ya ce, "To, Malam."

Ku saurara. Da ni ne, Allah Ya sani, a nan zan ce rainin ya kai maƙura. Shi kuwa sai ya ce a ransa, mai raini ai amsar banza yake bayarwa, wannan kuwa ba amsar tambayar ba ce sam. Sai ya tuna yadda yaron ke ƙura wa bakin abokansa ido in suna hira. Ya sa hannu ya ɗago haɓarsa, ya ce, "Sallau, dube ni. Ba rashin kunya ba ne, ni na ce ka duba. Kana jina?"

Yaro ya dubi bakin malam, sai hawaye. Ya ce tun zazzaɓin da ya kwantar da shi da damina, magana take zuwar masa kamar daga cikin rijiya. In ya kalli bakin mutum yana ganewa. Amma ta yaya zai kalli fuskar babba? Ya ɓoye ne don kada a ce masa kurma, a cire shi daga makaranta.

Kun ji fa. Ladabin da muka koya masa shi ya hana shi ji, mu kuma muka dake shi a kan rashin ladabi.

Uban ya iso da dorinarsa, a shirye yake ya ƙara masa. Da aka yi masa bayani, sai ya ajiye dorinar, ya zauna a ƙasa, don shi ma ya sha dukan yaron a gida a kan wannan. Hedimasta, Allah Ya saka masa, bai ja ba, ya ce a bar maganar kora. Aka kai Sallau asibiti, aka dace abin bai yi nisa ba, aka ba shi magani. Malam ya dawo da shi bencin gaba, ya roƙi sauran malamai su riƙa fuskantarsa in za su yi magana. Ranar kowa ya yi ajiyar zuciya, har waɗanda suka ce a kore shi, don sun ga irin alhakin da Allah Ya tsare su da ɗauka.

To, malamai, darasin a fili yake: ka tambaya kafin ka hukunta, in ka tambaya kuma ka tsaya ka ji amsar. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma mu mun hana yaranmu ɗago fuskar, don haka sai mu sauko inda suke. Kowannenku yana da yaron da ya riga ya yanke wa hukunci a ransa, na san yanzu haka sunansa ya faɗo muku. Gobe, kafin ku ɗauki bulala, ku zaunar da shi. Amana aka ba ku, kuma za a tambaye ku. Allah Ya ba mu ikon sauke ta.