Injiniyan da Ɓangarensa Bai Taɓa Lalacewa Ba

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Ba zamanin raƙuma nake nufi ba, zamanin wayar nan da ke aljihunku. Sunansa Lurwanu, injiniyan manhaja ne a wani kamfani mai haɗa asibitoci da ma'ajiyar jini.

Ku saurara, don na ga wasu sun fara gyangyaɗi. Manhajar nan ba dunƙule ɗaya ba ce. An rarraba ta kamar rumfunan kasuwa, kowace da aikinta: wannan ta karɓi buƙatar asibiti, waccan ta nemo jinin da ya dace, wata ta aika wa direba saƙo. Dukkansu suna zaune cikin kwamfutocin haya a wata ƙasa, abin da masu sana'ar ke kira gajimare. Rumfar Lurwanu ita ce mai nemo jini.

Yaren da suke rubuta manhajar da shi yana da wata ƙa'ida: in ka nemi abu, sai ka faɗi yadda za a yi in ba a same shi ba. Amma da rubuta alama ɗaya tak ana iya tsallake ƙa'idar. Abokan aikinsa tsallakewa suke yi, su gama da wuri. Shi kuwa sai ya zauna yana ta tambaya: in asibiti bai rubuta rukunin jini ba fa? In rumfar maƙwabci ta yi shiru fa? Har suka laƙaba masa Malam In-Babu-Fa.

Shekara shida ɓangarensa bai tsaya ba ko sau ɗaya. Na sauran kuwa kullum cikin gobara. Su kunna wutar da hannunsu, su kashe ta, a tara ma'aikata a tafa musu.

Da aka zo rage ma'aikata, manaja Tanimu ya kira shi ofis.

"Lurwanu, mun duba rahoton bana. Abokin aikinka Sagiru ya gyara matsala arba'in da ɗaya. Kai ko ɗaya babu."

"Ranka ya daɗe, ai babu abin da ya lalace a wajena."

"To ka ji da bakinka. Abin da ba ya lalacewa me zai yi da mai gadi?"

Wallahi duk sanda na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci. Sati biyu aka ba shi ya miƙa aiki ya kama gabansa.

Bayan sallar azahar Sagiru ya ja shi gefe. "Malam, kada ka yi wauta. Akwai mabuɗin tsaron manhajar nan da kake sabuntawa duk wata uku, kai kaɗai ka san da shi. Ka yi shiru kawai. Ran da ya mutu komai ya tsaya, da ƙafarsu za su zo gidanka suna roƙo."

Ku lura, jama'a. Ba a ce ya yi ƙarya ba, ba a ce ya yi sata ba. Shiru kawai. Ga 'ya'ya huɗu a gida, ga zuciya tana tafasa. Kwana uku yana juya maganar, kuma ba zan ɓoye muku ba, ransa ya so. Ran na huɗu ya ce da Sagiru, "In manhajar ta tsaya, Tanimu shayinsa zai sha a ofis. Mai naƙudar da ke zubar da jini ita za ta jira."

Ya zauna ya rubuta komai dalla-dalla, har ya sa mabuɗin ya riƙa sabunta kansa. Sannan ya ɗauki jakarsa ya fita.

Kuna jira in ce sun yi nadama, ko? Ba su yi ba. Ɓangarensa ya ci gaba da aiki lafiya lau, saboda hannun da ya gina shi. Tanimu ya riƙa kafa hujja da hakan a taro, wai kun gani, mun sallame shi, babu abin da ya faru. Lurwanu kuwa wata goma sha ɗaya yana yawon neman aiki.

To, darasin ke nan. Amana ba don a gode maka ake riƙe ta ba. Allah ne Yake ganin ɓarnar da ka hana aukuwa, mutane ba sa gani. Amma kafin kowa ya ce shi ne Lurwanu, ku duba gidajenku da shagunanku. Akwai wanda bai taɓa ba ku ciwon kai ba, shi ya sa ba ku taɓa ce masa sannu ba. A wurin wannan mutumin, ku ne Tanimu. Allah Ya sa mu gyara.