Garmar da Aka Hana Aiki

Akwai wani mutum da ya yi shekara bakwai a kudu, sa'an nan ya komo gida. Ya tarar an sare durumin ƙofar gida, an sa wa coci kwano, ƙanensa Irmiya ma har ya ajiye gemu. Duk wannan bai dame shi ba. Hankalinsa na kan garmar marigayi mahaifinsu, wadda ita kaɗai ya gada. Ran da zai tafi ya naɗe ta a buhu tare da munduwar tagulla ta uwarsu, ya tura ƙarƙashin rumbu, ya yi wa Irmiya kashedi kada ya kuskura ya taɓa.

Da ya kwance buhun, sai tsatsa ta zubo kamar garin barkono. Ya danna bakin garmar, ya ɓare. Munduwar kuwa kore kawai ta yi. Kusa da buhun ga wata tukunyar alminiyam da aka yar, ta dushe, amma ko huji babu.

Mamaki ya hana shi zama. Ya kwashi ukun sai wurin Baba Barau maƙeri, ya tambaye shi yadda aka yi iska ɗaya ta yi aiki uku.

Tsohon ya yi dariya. "Kai da ka zaga duniya, ni za ka tambaya?"

Ya ce masa a cikin iska akwai abin da muke shaƙa mu rayu, ƙarfe ma yana shansa. Alminiyam in ya sha sai ya yi 'yar fata ta manne, ta rufe ƙofa. Tagulla takan sake launi ta tsaya nan. Baƙin ƙarfe kuwa tsatsarsa ɓarewa take yi, iska da laima su ƙara shiga ciki.

Mutumin ya nuna garmar tsohon da ke ƙyalli a jingine, ya ce ai wannan ta girme shi.

"Ƙasa ke wanke ta kullum. Taka aiki ka hana ta, ɗana, ba ka hana ta iska ba."

Mutumin ya roƙe shi ya ceto masa garmarsa. Aka kankare, aka sa a wuta. Abin da ya rage bai kai garma ba, 'yar fartanya ce ta fita.

Ran da ya ɗaure jakarsa zai sake tafiya, ya daɗe riƙe da fartanyar, sa'an nan ya miƙa wa ƙanensa.

Irmiya ya ce, "Yaya, yau an yarda in taɓa?"

"Kai ta gona. In za ta ƙare, ta ƙare a can."

To, ga ma'anar misalin nan. Iskar ita ce duniya, ba wanda ba ya shaƙarta. Garmar kuwa baiwar da Allah ya ba ka ce, ko muryar waƙa, ko ƙarfin hannu, ko bangaskiyar da iyayenka suka bar maka. In ka naɗe ta don kada ta lalace, ba ka adana ta ba, ka dai ba tsatsa wurin zama. Je ka kwance buhunka yau, tun da sauran abin ƙerawa.