Zafin Jikin Akuya

Ku gyara zama, yau sai kun raba mini gardama.

Annoba ce ta faɗa wa awakin ƙauyuka, sai wasu abokai uku masu bincike a jami'a suka ce sai sun ga bayanta. Ƙwayar cutar tana da wani furotin, dogon zare ne mai naɗe kansa kamar rawani. In an san yadda yake naɗuwa, an gano gurbin da magani zai shiga.

Hansatu ce ta bi ƙauyuka da damina, ta sha caɓi, ta sha tunkuyi, har ta samo jinin awaki marasa lafiya. A ciki ta zaƙulo furotin ɗin, ta karanto yadda zaren yake jere.

Mamuda ya tsara manhajar kwamfuta mai kwaikwayon naɗin. Wata da watanni yana kanta, har idonsa ya nemi tabarau. Amma duk sanda ya kunna, sai zaren ya cukurkuɗe, ba kai ba gindi.

Ran nan na ukunsu, Tanimu, likitan dabbobi, ya leƙo yana shan rake.

"Mamuda, wane zafi ka sa wa abin nan?"

"Na jikin mutum mana, kamar yadda kowa ke yi."

"Haba malam! Akuya ai ta fi ka zafin jiki. Ƙara."

Aka ƙara. Zare ya naɗu tsaf, ga gurbin magani a fili.

Nan fa kishi ya turnuƙe Mamuda. Duk inda ya bi, zancen basirar Tanimu ake yi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi! Ko tsotson raken Tanimu ya ji, sai ransa ya ɓaci. Hansatu kuwa ya raɗa mata suna "mai kawo jini", ya manta cewa da ba ta kawo ba, da kwamfutarsa iska za ta naɗa.

To, a al'adar masu bincike, in za a wallafa sakamako, mai sunan farko shi duniya ke ambato, saura su koma "da abokan aikinsa". Mamuda ya rantse in ba sunansa ne a gaba ba, ba zai saki manhajarsa ba. Hansatu ta ce ita ta fara, Tanimu ya ce shi ya ƙarasa. Masu haɗa magani suna jira, awaki suna ta mutuwa.

Ku faɗa mini, sunan wa ya cancanci hawa gaba?