Hawainiya da Kayan Buɗar Kai

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina.

Ta zo mu sha labari, Iya.

Wata rana aka sa bikin Hawainiya da Ƙadangare. Komai ya kammala sai abu guda: tufar da za ta sa ranar buɗar kai, ranar da dangin ango za su yaye mata mayafi su ga wadda ɗansu ya zaɓo. Shi kuwa Ƙadangare ya riga ya cika wa gwaggonsa Damo kunne cewa amaryarsa koriya ce shar. Hawainiya dai tsoro take kada a buɗe ta a taɓe baki, auren ya lalace.

Sai ta kwashi ƙawayenta uku, Zabuwa da Balbela da Jar Kaza, suka nufi kasuwa, rumfar Gizo.

Gizo ya warware atamfa mai ɗigo-ɗigo. Hawainiya na yafawa, jikinta ya koma ɗigo-ɗigo. Zabuwa ta rantse wannan ce ta karɓe ta, a naɗe kawai.

Ya warware farin leshi. Tana yafawa ta yi fari fat. Balbela ta ce duk mai ido ya san wannan ne na amare.

Ya warware jar shadda. Tana yafawa ta yi ja wur. Jar Kaza ta ce in ba a ɗauki wannan ba, ita ba da ita a bikin.

Kun ji ƙawayen banza, kowacce kanta take gani a jikin amarya. Kan Hawainiya ya ɗaure. Ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki wancan ta ajiye, har rana ta take tsaka. Daga ƙarshe ta ce, "Malam Gizo, don Allah wanne ya fi karɓata?"

Gizo ya shafa ciki ya ce, "Yarinya, tun da nake ban taɓa ganin wadda komai ke karɓa irinki ba. Ɗauki duka ukun, ki huta."

Haka aka yi. Ƙoƙi matar Gizo ta ɗinka mata riga da leshin, zani da atamfar, mayafi da shaddar.

Ranar buɗar kai aka zaunar da amarya a tsakiyar tabarma. Gwaggo Damo ta zo da tawagarta, ta ɗaga mayafi. Hawainiya don kunya ta sunkuyar da kai, idonta ya sauka kan zani, sai ga ta ɗigo-ɗigo. Damo ta yi dariya ta ce ai ta gane, amaryar boko ce, irin wadda ake lulluɓewa don a tsokani dangin ango. Ta saki mayafi, ta ce a kawo ta gaske.

Aka ce ta sake dubawa. Ta ɗaga, lokacin amarya na kallon hannun riga, sai ga ta fara fat. Damo ta daina dariya, ta ce wasan ya isa.

Ta ɗaga na uku, idon amarya ya faɗa kan mayafi, sai ga ta ja wur. Damo ta miƙe tana huci ta ce, "Amaren boko har uku? Mu koriya aka ce mana. Ku fito da ita ko mu tafi."

Hawainiya ta buɗe baki za ta ce ita ce. Sai ta dubi hannunta, ta dubi ƙafarta, ba ta ga kore ko ɗis ba. Ta juya ga Zabuwa a hankali ta ce, "Ƙawata, gaya mini gaskiya. Ko dai ni ce ta bokon?"

Zabuwa ta ce ita ma yanzu ba za ta iya rantsuwa ba.

Aka bazama neman amarya, a duba bayan rumbu, a duba ƙarƙashin gado. Baiwar Allah Hawainiya ita ma ta tashi ta shiga cikin masu nema. Dangin ango suka gaji suka watse, aure bai yiwu ba.

Shi ya sa har yau kuke ganinta tana tafiya sanɗa-sanɗa, ta miƙa ƙafa ta janye, ido ɗaya gabas ɗaya yamma. Amaryar take nema.

To ku 'yan matan nan, in za ku zaɓi tufa, ku fara sanin kalar jikinku kafin ku tambayi kowa. Wadda ta bar kowa ya zaɓar mata, ranar da ake nemanta ko ita ba za ta gane kanta ba.

Nan tatsuniya ta tsaya. Ƙungurus kan kusu, kowa ya nufi shimfiɗarsa.