Abin da Inna Hajo Ta Ajiye a Gafaka

An yi wani mutum a nan Tudun Wada, ya 'yan uwa, ba zan kama sunansa ba, don ko ambatonsa ƙyama nake yi. Ma'aikacin kwamfuta ne, kuma ya iya aikinsa, wannan ba mai musu. Asabar da Lahadi kuma yana ɗaukar bidiyon bukukuwa.

A unguwarsu akwai wani tsohon gidan malamai. Marigayi Modibbo, mai gidan, ya rasu ya bar littattafan rubutun hannu cike da sanduƙi huɗu, nasa da na kakanninsa: sharhin fiƙihu, waƙoƙin wa'azi da ajami, amsoshin tambayoyin jama'a na shekara da shekaru. Babu su a ko'ina sai nan. Gara da danshi sun ci rabonsu, har ta kai in ka ɗaga takarda sai ta marmashe a hannunka.

Sai zuriyar gidan suka kira mutumin nan ya ɗauki hoton kowane shafi ya zuba a kwamfuta. Wata bakwai yana yi, ya kuwa gama.

To, gidan nan suna da ƙa'ida tun kaka da kakanni: littafi ba ya kwana da kwafinsa a ƙarƙashin rufi ɗaya. A da in almajirin ilimi ya gama kwafe littafi, sai a aika da shi wani gida, saboda gobara ko ruwa. Don haka suka sayi ɗan akwatin ajiya na kwamfuta, bai fi tafin hannu ba. Suka ce ya zuba komai a ciki, a kai wa 'yar Modibbo, Inna Hajo, tsohuwa mai shekara saba'in da 'yan kai, da ke zaune a Dutsen Abba.

Ya zuba. Amma kafin a zo karɓa, sai aikin biki ya faɗo masa, nasa akwatin kuma ya cika. Me kuke tsammani ya yi? Ya goge littattafan tas, ya zuba biki. Ya ce a ransa, ai suna nan a kwamfuta, ran Litinin zan mayar. Aikin rabin yini ne kawai, jama'a! Litinin ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, mutumin nan bai mayar ba.

Ran nan sai ga Inna Hajo da kanta, da sandarta. Ta ce, "Ɗan nan, Baba yana cikin wannan ɗan abin duka?"

Ya dubi tsabar idon tsohuwar ya ce, "Wallahi tallahi, Inna, ko ɗigo ban bari ba."

Tir! Da ya ce ta dawo gobe, wa zai yanka shi? Girman kai ne ya hana, kada a ce gwani ya yi kuskure.

Jikan Modibbo, Malam Lawal, mai koyarwa a jami'a, nan harabar Kongo, ya ce a jona akwatin a gani kafin ta tafi da shi, kuma a riƙa gwadawa bayan 'yan watanni. Mutumin nan ya harzuƙa, ya ce shi za a koya wa aikinsa? Bayan ya rantse? Sai kunya ta kama su, suka bar maganar.

Kun san yadda muke yi da takardar da ke ɗauke da sunan Allah in ta lalace: ba a zubar da ita a bola, binne ta ake yi a wuri mai tsarki. Tun da an rantse musu cewa komai yana wuri biyu, sai suka haƙa rami a bayan gida, suka naɗe takardun da farin ƙyalle, suka binne. Mutumin nan yana wurin. Har da hannunsa a zuba ƙasa! Kalma ɗaya ta isa ta tsayar da su, ya haɗiye ta.

Ita kuwa Inna Hajo, ta sa akwatin a gafakar fata da mahaifinta ke sa littafi, ta rataye a ɗakinta. Ba ta taɓa shi sai da alwala. Duk Juma'a sai ta turara shi. Shekara biyu tana haka, mutumin nan yana sane, yana cin tuwo yana barci. Kullum gobe.

Wata la'asar a tsakiyar damina, aka yi tsawa, wuta ta dawo da ƙarfi, kwamfutar da littattafan ke ciki ta ƙone ƙurmus. Aka kai wa masu gyara a Kwangila, suka ce ba abin da zai fito. Hankalin gidan bai tashi ba, suka ce ai don irin wannan rana aka yi tanadi.

Aka taru a zaure, manya da ƙanana, aka aika aka kira mutumin. Inna Hajo ta yi bisimilla ta kwance gafaka da hannunta. Malam Lawal ya jona.

Sai kiɗa ya tashi. Ga mata ana rawa, ga maroƙi yana ihu. Aka duba sama, aka duba ƙasa, biki ne kawai.

Tsohuwar nan ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ɗan nan, wannan na yi wa alwala shekara biyu?"

Mutumin ya zabura. Ya fita da gudu ya ɗauki fartanya, ya faɗa kan ramin nan yana tono kamar mahaukaci. Damina biyu ta sauka a kansa, me zai samu? Laka ya riƙa ɗebowa da ruɓaɓɓen ƙyalle. Ni da idona na gan shi a durƙushe, yana murza taɓo da yatsa ko zai ga harafi.

Ba wanda ya kai shi ƙara, ba wanda ya mare shi. Amma daga ranar ko waya ba a ba shi ya riƙe. In ya ce wallahi, sai a kau da kai. Ya rufe shago, ya bar garin, yau ban san inda yake ba.

Ya 'yan uwa, kada wani ya ce tsawa ce ta cinye littattafan nan. Tsawa kwamfuta ta ƙona. Littattafan, cin amana ne ya kashe su, da rantsuwar ƙarya, da "sai gobe". Ku kuma masu ba da ajiya, a ofis ko makaranta ko asibiti, ku raba wurin ajiya, ku buɗe ku gani da idonku tun lafiya lau. Duba amana ba zargi ba ne, sakaci kuma ba tawakkali ba ne.

Inna Hajo ta rasu bara. Kafin rasuwarta takan zaunar da Malam Lawal tana karanto masa abin da ta haddace na waƙoƙin mahaifinta, yana rubutawa. Daga sanduƙi huɗu na ilimi, abin da ya dawo shafi goma sha ɗaya ne.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya tsare harsunanmu daga rantsuwar da za ta sa a binne gaskiya muna tsaye. Amin.